Yadda Ake Duba Kwamfuta da Haɗa Filashin Windows 11 Kafin a Ɗora Mata

Assalamu alaikum. Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tambaya ɗaya ke ta zuwa mini, a shago nan Birnin Kebbi da kuma ta waya: "Malam, yaya zan haɗa filashin Windows 11 da kaina?" Ɗalibai daga Kalgo da Aliero sun tambaya, masu shagon buga takardu sun tambaya, har ma'aikatan da ke zuwa daga Argungu da Jega. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki.

Sai dai ku yi mini haƙuri, ba da filashin zan fara ba. Haɗa filashi shi ne mafi sauƙi a duk aikin, bai fi rabin awa ba. Asarar da nake gani kullum tana faruwa ne saboda ba a duba kwamfutar ba, ko ba a kwashe abin da ke cikinta ba. Don haka a bi matakan yadda na jera su, kada a tsallake na farko don ɗokin na ƙarshe.

Abin da za ka tanada: filashi mai aƙalla 8GB, amma 16GB ya fi kwanciyar hankali, wani wurin ajiya na daban don kayanka, data kamar 10GB, caja mai kyau, da tabbacin wuta ta awa biyu zuwa uku, ko ta sola ko ta janareto. Manhajojin da za mu yi wannan aikin da su duk kyauta ne. Kuɗinka zai tafi ne kan data da filashi, sai kuma faifai ko RAM idan bincike ya nuna ana buƙata.

1. Ka fara sanin kwamfutar da ke gabanka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. Shafin da zai buɗe yana ɗauke da kusan duk abin da muke nema. Ɗauki hotonsa da wayarka. Layuka biyar za ka duba: System Type, Processor, Installed Physical Memory, BIOS Mode da Secure Boot State. Secure Boot wani tsaro ne da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da kwamfuta.

System Type dole ya nuna x64, domin Windows 11 ba shi da samfurin 32-bit. RAM aƙalla 4GB ake buƙata, faifai kuma 64GB. Wannan shi ne abin da Microsoft ya gindaya, amma ni ba na ba kowa shawarar ya zauna kan 4GB. Za ta tashi, amma da ka buɗe Chrome da Word tare sai ta fara nishi. Idan da hali, a kai ta 8GB.

Inda yawancin kwamfutocinmu ke faɗuwa shi ne firosesa. Windows 11 yana karɓar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, AMD Ryzen kuma daga jerin 2000, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Ga yadda ake karanta ƙarni: bayan i3 ko i5 ko i7 akwai lamba. Idan ka ga i5-6300U, ƙarni na 6 ne. Idan i5-8350U ne, na 8. Idan i5-1135G7 ne, lambobi biyun farko za ka ɗauka, wato na 11.

Gargaɗi: kada sunan i7 ya ruɗe ka. Mutane da yawa sun sayi laftof ɗin kwatano an ce musu "ai Core i7 ce", alhali i7 ta ƙarni na 4 ce. A wajen Windows 11, i3 ta ƙarni na 8 ta cika sharaɗi, i7 ta ƙarni na 6 ba ta cika ba. HP EliteBook 840 G3 da ta cika hannun ɗalibai ƙarni na 6 ce, G4 na 7, sai daga G5 ake samun na 8.

Idan lissafin ya yi maka yawa, sauke manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft, ka danna Check now. Za ta faɗa maka ko kwamfutar ta dace, ta kuma nuna abin da ya hana.

2. TPM, UEFI da Secure Boot

TPM wani ɗan ɓangaren tsaro ne da ke riƙe mabuɗan sirri na kwamfuta, kuma ana buƙatar samfurin 2.0. Danna Windows da R, rubuta tpm.msc. Idan ka ga The TPM is ready for use, sannan a ƙasa Specification Version ya nuna 2.0, ka tsallake wannan. Idan ya ce Compatible TPM cannot be found, kada ka yanke ƙauna tukuna. Sau da yawa yana nan, a kashe yake kawai a cikin BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta da ake shiga tun kafin Windows ya tashi.

Don shiga BIOS, kashe kwamfutar, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin tun kafin tambarin kamfani ya ɓace: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad. Nemi sashen Security. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin: wani TPM, wani Intel PTT, wani AMD fTPM, Lenovo kuma Security Chip. Kunna shi, ka adana, ka fita.

Gargaɗi: kusa da wurin kunnawa akwai Clear TPM. Kada ka taɓa shi. Idan faifanka a kulle yake da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, share TPM zai sa kwamfutar ta nemi mabuɗin da wataƙila ba ka da shi.

Koma ga hoton da ka ɗauka. Idan BIOS Mode ya nuna UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, madalla. Idan Legacy ya nuna, to Windows ɗin da ke ciki an ɗora shi ne bisa tsohon tsarin faifai na MBR, Windows 11 kuwa GPT da UEFI yake so.

Gargaɗi: kada ka shiga BIOS ka juya Legacy zuwa UEFI kai tsaye. Windows ɗinka ba zai tashi ba, sai baƙin allo da saƙon cewa babu faifan tashi. Idan hakan ta riga ta faru, kayanka na nan, mayar da shi Legacy kawai. Hanyar da ta dace ita ce, bayan ka gama mataki na 5, ka buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. Idan ya amince, ka rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS, daga nan ne za ka koma BIOS ka sa UEFI. Idan faifan yana da manyan ɓangarori fiye da uku, umarnin zai ƙi.

Wasu laftof ɗin kwatano da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka suna zuwa da kalmar sirri a kan BIOS. Idan ka tarar da haka, koma wurin wanda ya sayar maka tun abin bai tsufa ba.

3. Lafiyar faifai, RAM da batir

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, ni kuma shi na fi riƙewa. Ɗora sabon Windows yana sa faifai aiki mai nauyi na lokaci mai tsawo. Faifan da ke lallaɓawa da ƙyar, a nan yake cikawa.

Sauke CrystalDiskInfo ka buɗe. Idan Health Status ya nuna Good da shuɗin launi, ci gaba. Idan Caution ne mai ruwan ɗorawa, ko Bad mai ja, tsaya nan. Kwashe kayanka yau ɗin nan, ka sayi wani faifan. A manhajar ne kuma za ka gane ko faifan SSD ne ko tsohon HDD mai juyawa. Idan HDD ne, shawarata ka canza zuwa SSD ko da mai 256GB ne. Babu wani gyara da ke sauya tafiyar tsohuwar kwamfuta kamar wannan. Kuma akwai riba ta biyu: tsohon faifan zai fita da kayanka cikinsa ba a taɓa ba, ka saya masa ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya.

Don gwada RAM, danna Windows da R, rubuta mdsched.exe, ka bar ta ta sake tashi ta yi gwajin. Kwamfutar da ke yawan nuna shuɗin allo ko mutuwa haka kawai, kada a ɗora mata komai sai an yi wannan.

Batir kuma, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye rahoto ya nuna maka inda ya sa shi. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, kada ka dogara da batirin. Mu da muka san yadda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwamfutar tebur ma ta fi haɗari tunda ba ta da batir ko kaɗan, sai da UPS ko inbata.

Sannan a duba ƙura. Bayan hunturu, fankar laftof a garin nan takan toshe da ƙura kamar an cusa auduga, ga zafin Maris da Afrilu na biye. Idan ka ji iska ba ta fita sosai ta gefe, ko ƙasanta na ƙona cinya, a buɗe a share kafin a fara. Na sha ganin kwamfuta ta kashe kanta a tsakiyar aiki saboda zafi kawai. Ɗora ta kan tebur, ba kan katifa ko darduma ba.

4. Idan kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba

Hanyoyi uku ne. Za ka iya zama kan Windows 10 ka shiga shirin ESU na ƙarin sabuntawar tsaro, wanda zai kai 13 ga Oktoba 2026. Da asusun Microsoft ake shiga, sannan ko dai a biya dala 30, ko a adana saitunan kwamfuta a asusun. Za ka iya komawa Linux Mint, wanda kyauta ne kuma yana tafiya da kyau a tsofaffin kwamfutoci, kuma da manhajar Rufus da zan nuna a mataki na 8 ake haɗa filashinsa. Ko kuma ka tilasta Windows 11 ta hanyar cire sharuɗɗan, kamar yadda zan nuna a mataki na 8.

Gaskiya ita ce, kwamfutocin ƙarni na 6 da na 7 masu SSD da 8GB suna tafiya da Windows 11 lafiya lau. Amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da ba su sabuntawa ba, kuma babban sabon samfuri na shekara ba ya zuwa musu da kansa, sai an sake ɗorawa da hannu. Kwamfutar karatu ko ta gida, zan yi mata. Kwamfutar da ke riƙe da lissafin kasuwanci ko bayanan ma'aikata, ba na so. Masu Core 2 Duo kuwa su haƙura: tun daga samfurin 24H2, Windows 11 ba ya tashi a kansu ko an cire sharuɗɗa.

Roƙona ga masu gyara 'yan'uwana: idan kun tilasta wa kwamfutar mutum, ku faɗa masa. Haƙƙinsa ne ya sani.

5. Kwashe kayanka

Wata baiwar Allah, malamar makaranta da ke ƙaro karatu, ta taɓa shigowa shago da laftof a jaka da filashi a hannu. An ɗora mata sabon Windows a gida, ta buɗe ba ta ga aikin bincikenta ba. Na tambaye ta ko ta kwafi kayanta kafin a fara.

"Malam, ai na kwafe komai. Yana cikin filashin nan."

"Hajiya, wane filashi aka yi amfani da shi wajen ɗora Windows ɗin?"

Ta dubi wanda ke hannunta, ta yi shiru. Shi ne dai. Ƙanenta ya karɓa ya haɗa Windows a kansa, ya share kwafin, sannan ya share laftof ɗin. Muka zauna har bayan la'asar muna tono WhatsApp da imel, muka samo babi uku da ta taɓa tura wa malaminta. Babi na huɗu da duk alƙaluman da ta tattara daga makarantu sun tafi. Har yau idan na tuna yadda ta riƙe filashin nan da hannu biyu, raina yakan ɓaci.

Gargaɗi: filashin Windows daban, wurin ajiyar kaya daban. Kada su taɓa zama abu ɗaya.

Kwafi Desktop, Documents, Downloads, Pictures, Videos, da duk abin da ke ɓangaren D idan akwai. Bayan ka kwafa, buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin ka tabbatar suna buɗewa. Muhimman takardu, irin su aikin makaranta da takardun shaida, tura su Google Drive ko imel ɗinka, su zama a wuri biyu.

Akwai abubuwa huɗu da ake mantawa. Na farko, kalmomin sirri da Chrome ke riƙe maka: shiga da asusun Google ka kunna Sync, kuma ka tabbatar ka san kalmar sirrin asusun kansa, layin wayar da ka yi rajista da shi kuma yana hannunka. Na biyu, mabuɗin BitLocker mai lambobi 48: duba account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka rubuta a takarda. Na uku, lasisi: shiga Settings ka duba Activation, ka rubuta ko Home ne ko Pro. Na huɗu, direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya gane Wi-Fi da sauti da sauran sassan kwamfuta: buɗe Command Prompt da ikon Administrator, ka ƙirƙiri folda mai suna Direbobi a ma'ajiyarka, ka rubuta pnputil /export-driver * E:\Direbobi, ka sa harafin ma'ajiyarka a madadin E. Ranar da sabon Windows ya ƙi ganin Wi-Fi, za ka gode wa wannan foldar.

Masu shagon buga takardu, ku ƙara da nau'ukan rubutu da kuka tara a C:\Windows\Fonts, da direbobin firinta, da fayilolin girka CorelDRAW da sauran manhajojin aiki.

6. Gwada filashin

Kasuwa ta cika da filashin jabu. A jiki an rubuta 32GB ko 64GB, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa bai kai ba. Irin wannan zai karɓi Windows kamar da gaske, sai an yi nisa a ɗorawa ya kawo saƙon cewa wasu fayiloli sun lalace, a lokacin kuma an riga an share tsohon Windows.

Sauke H2testw, ka zaɓi filashin, ka danna Write + Verify. Zai cika shi da bayanai ya sake karantawa. Idan ya gama ba kuskure, filashin na gaske ne. Idan kana saye, wanda arharsa ta yi yawa ka bar shi. Kowa ya san arha ba ta ado. Mai USB 3.0, wanda cikin bakinsa yawanci shuɗi ne, ya fi sauri nesa ba kusa ba.

7. Sauke Windows daga tushe

Je microsoft.com/software-download/windows11. Nan kaɗai. Kada ka karɓi Windows da aka ce an rage masa nauyi ko an riga an buɗe masa lasisi, daga Telegram ko daga faifan wani. Ba ka san abin da aka cusa ciki ba, kuma a kan kwamfutar nan za ka shiga asusun bankinka.

Shafin yana da zaɓi uku. Installation Assistant na mai son sabunta kwamfutar da yake kai ne ba tare da filashi ba. Media Creation Tool yana saukewa ya haɗa filashin da kansa. Yana da sauƙi, amma idan intanet ta yanke a hanya sau da yawa sai an faro daga farko, data ta tafi a banza. Na uku shi ne sauke fayil ɗin ISO, wato Windows dukansa a dunƙule cikin fayil ɗaya, kuma shi nake zaɓa, domin sau ɗaya za ka sauke ka yi ta amfani da shi.

Fayil ɗin ya haura 5GB. Mahaɗin da za a ba ka awa 24 yake yi ya mutu, don haka kada ka fara sai ka tabbatar datarka za ta kai. Tsakar dare ko bayan asuba intanet ta fi sakin jiki. Idan da waya za ka sauke, ajiye a cikin wayar kanta, domin katin memori mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Gargaɗi: wajen zaɓen harshe akwai English na Amurka da English International na Ingila. Idan kana son sabuntawa ba tare da rasa manhajojinka ba, dole harshen ya zo daidai da na Windows ɗin da ke ciki. Rubuta dism /online /get-intl a Command Prompt na Administrator. En-US na Amurka ne, en-GB na Ingila.

Bayan ya sauka, buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash sannan wurin da fayil ɗin yake. Kwatanta dogon jerin haruffan da zai fito da wanda Microsoft ya sa a shafin, ƙarƙashin Verify your download. Idan sun bambanta, fayil ɗin ya samu matsala a hanya.

8. Haɗa filashin da Rufus

Sauke Rufus daga rufus.ie, sabon samfuri. Cire duk wani filashi ko ma'ajiya da ke jikin kwamfutar, ka bar wanda za a yi aiki da shi kaɗai. Buɗe Rufus.

A Device, tabbatar sunan filashinka da girmansa ne. Danna SELECT ka zaɓi fayil ɗin ISO. Partition scheme ya zama GPT, Target system ya zama UEFI. File system ka bar shi yadda Rufus ya zaɓa. Danna START.

Wani ƙaramin akwati zai fito da zaɓuɓɓuka. Na farko yana cire sharaɗin RAM da Secure Boot da TPM 2.0, idan kwamfutarka ta cika sharuɗɗa, cire alamar da ke kansa, ba ka buƙatarsa. Idan ba ta cika ba kuma kana son tilasta mata, bar alamar. Akwai na cire tilascin asusun Microsoft, wanda ke da amfani ga wanda zai ɗora a inda babu intanet. Akwai kuma na hana BitLocker kulle faifai da kansa. Ga mutumin da na san ba zai adana mabuɗi ba, nakan sa wannan alamar. Ga mai yawo da bayanan sirri a laftof, nakan bar kullen, in rubuta masa mabuɗin a takarda.

Rufus zai yi gargaɗin cewa duk abin da ke filashin zai goge. Sake duba sunan, sannan ka amince. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 30, gwargwadon saurin filashin.

Gargaɗi: idan ya gama, sandar ƙasa za ta cika da kore ta nuna READY. Mutane kan ɗauka cewa yana nufin a fara, sai su sake danna START. CLOSE za ka danna.

Kuma kwafa fayil ɗin ISO cikin filashi kamar yadda ake kwafa waƙa ba ya sa shi tayar da kwamfuta. Wanda ke yin haka shi ne filashin da aka shirya da Ventoy, kuma ga masu gyara yana da daɗin aiki, tunda filashi ɗaya zai ɗauki Windows da Linux tare.

9. Zaɓi hanya: sabuntawa ko sharewa

Filashin nan hanya biyu yake aiki, kuma a nan ake ruɗewa.

Idan Windows 10 ɗinka lafiyarsa ƙalau kuma kana son kayanka da manhajojinka su zauna, kada ka tayar da kwamfutar daga filashi. Kana cikin Windows, buɗe filashin, ka danna setup.exe, ka tabbatar an zaɓi Keep personal files and apps. Idan wannan zaɓin ya ƙi dannuwa, yawanci harshen ne bai zo daidai ba. Wannan hanyar tana ba ka kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 ta Settings, System, Recovery, Go back. A cikin kwanakin nan kada ka share foldar Windows.old.

Idan kuwa kwamfutar ta cika da bairos, ko tana nauyi, ko ka sa sabon SSD, sharewa gaba ɗaya ta fi. Kashe ta, sa filashin, jona caja, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a laftof ɗin Asus. A Acer wani lokaci sai an kunna F12 ɗin a cikin BIOS. Zaɓi filashinka, wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Idan bai bayyana ba, canza kafar USB. Idan har yanzu ya ƙi, kashe Secure Boot na ɗan lokaci, ka tuna ka mayar bayan an gama.

10. Allon ɓangarorin faifai

Idan aka nemi lambar lasisi, danna I don't have a product key. Kwamfutar da ke da halastaccen lasisin Windows 10 za ta karɓi nata da kanta idan ta hau intanet, muddin ka zaɓi irin wanda take da shi. Mai Home ya zaɓi Home, mai Pro ya zaɓi Pro. Zaɓen Pro don jin ya fi girma shi ke jawo saƙon Activate Windows a kusurwar allo.

Daga nan sai allon da ke jera ɓangarorin faifai. Cire hannunka daga linzami ka karanta a natse. Za ka ga Disk 0 Partition 1, Partition 2 da sauransu, ba harafin C ko D, don haka da girma za ka gane su. Shi ya sa yana da kyau tun kana cikin Windows ka rubuta girman C da na D. Idan duk kayanka na waje kuma ka tabbatar, share duk ɓangarorin Disk 0 har ya zama Unallocated Space guda ɗaya, ka zaɓe shi, ka danna Next. Windows zai yanka abin da yake buƙata. Idan kana son D ya tsira, ɓangaren C kaɗai za ka taɓa.

Gargaɗi: idan saƙo ya fito cewa faifan MBR ne ba za a iya ɗorawa ba, maganin da za ka gani a intanet shi ne diskpart da umarnin clean. Umarnin nan yana share faifan dukansa, har da D, kuma ba ya tambaya sau biyu. Haka nan ka lura, filashinka ma yana iya bayyana a jerin a matsayin Disk 1.

Idan allon ya fito fayau babu faifai ko ɗaya, musamman a laftof mai Intel ƙarni na 11 zuwa sama, faifan bai mutu ba. Direban Intel RST ne babu. Danna Load driver ka nuna masa foldar direbobin da ka kwafa a mataki na 5, ko ka sauke direban daga shafin kamfanin kwamfutar.

Da kwamfutar ta sake tashi karon farko, zare filashin, don kada ta koma farkon aiki. Daga nan kada ka kashe ta ko ka rufe murfinta, ko da ka ga kamar ta tsaya.

11. Bayan ta tashi

Idan ta nemi intanet amma ba ta ga Wi-Fi ba, jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering. Idan kuma ta nuna sunan wani kamfanin ƙasar waje tana neman imel ɗin ma'aikaci, to kwamfutar har yanzu tana cikin rajistar tsohon ofishinta. Wannan magana ce tsakaninka da wanda ya sayar maka.

Da ka shiga, gyara lokaci zuwa West Central Africa. Idan kwanan wata na komawa baya duk lokacin da aka kashe ta, ɗan batirin da ke kan allon cikinta ne ya mutu, kuma shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa har sai an canza shi. Bar Windows Update ya gama zagayen farko, wanda zai iya cin wasu gigabait, sannan ka shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection don kada ya riƙa shanye maka data a ɓoye. Buɗe Device Manager ka duba ko akwai mai alamar ruwan ɗorawa, ka ba shi direba daga foldarka. Gwada sauti, kyamara, firinta da kowace kafar USB. Duba Activation.

Masu rubutu da Hausa, ku shiga Time & language ku ƙara harshen Hausa, za ku samu allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ. Ana sauyawa tsakaninsa da na Turanci da maɓallin Windows tare da Space.

Sai ka mayar da kayanka, amma kada ka share kwafin da ke ma'ajiya sai ka yi mako biyu kana aiki ka tabbatar babu abin da ya ɓace. Filashin kuma ka liƙa masa takarda ka rubuta samfurin Windows da ranar da ka haɗa shi, ka ajiye shi a inda yara ba za su ɗauka su zuba finafinai ba.